Kwaɗon wa ke ƙofar bayananmu? Zaɓin da masu rubuta manhaja a Zariya ke yi a madadin jama'a

A watan Yunin 2024, ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, ciki har da lambar NIN da BVN, a kan naira 100 kacal. Don ta tabbatar da zargin, ta ce ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, da ta shugaban Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, Vincent Olatunji. Hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa cikin rumbunta, aka yi ta cece-kuce na 'yan makonni, sannan ƙura ta lafa.

Idan irin wannan ta shafi babbar hukuma, ana jin kanta. Amma kaso mai yawa na bayanan da mutane ke miƙawa kullum ba Abuja yake tafiya ba. A unguwa irin Tudun Wadan Zariya, wadda ta haɗa ɗaliban harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da 'yan kasuwa da ma'aikatan asibiti, bayanan suna tsayawa ne a ƙananan wurare: shafin makaranta mai zaman kanta da iyaye ke duba sakamakon yara, kwamfutar ɗakin gwajin jini, manhajar ƙungiyar adashi, rajistar mai POS. Waɗanda ke rubuta irin waɗannan manhajoji galibi matasa ne, wasu daga sashen kwamfuta na Samaru, wasu daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, wasu kuma a YouTube suka koya. Ana ba su aikin a kan kuɗi kaɗan, a ce a gama kafin zangon karatu ya fara.

A tsakiyar aikin akwai wata shawara da mai rubuta manhajar ke yankewa shi kaɗai, ba tare da mai makarantar ko iyayen yara sun sani ba: da wane kayan aiki zai kulle bayanan. Ba a rubuta lissafin kulle bayanai daga farko. Ana ɗauko shi ne a shirye, cikin wani ƙunshi da masu sana'ar ke kira laburare, a haɗa shi da sauran manhajar kamar yadda maƙeri ke gama ƙofa ya je kasuwa ya sayo kwaɗo. Laburarorin suna da yawa, kusan duk kyauta ne, kuma kowanne yana iƙirarin ƙarfi. Bambancinsu ba ya bayyana sai ranar da ɓarawo ya zo.

Abin da ya sa ake neman buɗaɗɗen tushe

Tun a 1883 wani masani ɗan asalin Holan, Auguste Kerckhoffs, ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau: tsarin ɓoye saƙo ya kamata ya tsaya da ƙafarsa ko da abokin gaba ya san duk yadda yake aiki, muddin mabuɗin bai shiga hannunsa ba. Saboda haka ne ake fifita manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda aka baje rubutunta a fili kowa ya karanta, ya gwada, ya nemi aibinta.

Najeriya tana da nata labarin kan rufaffen tsari. A watan Fabrairun 2020, jaridar Washington Post da gidan talabijin na ZDF na Jamus suka fallasa cewa kamfanin Crypto AG na ƙasar Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe fiye da 120 na'urorin ɓoye saƙonnin gwamnati, ya zama mallakin hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA tare da takwararta ta Jamus a 1970. An raunana na'urorin da gangan don masu kamfanin su riƙa karanta saƙonnin. Najeriya na cikin masu saye. Takardun da aka fallasa sun ce bayan shekara biyu da aika kaya masu yawa zuwa ƙasar, masu leƙen asirin ba su ji komai ba, aka tura wakili ya bincika, ya tarar da na'urorin a sito ba a ko kwance su daga kwali ba. Wannan karon dai sakaci ya yi rana.

Masu sayen ba su da hanyar duba abin da ke cikin akwatin, shi ya sa aka shafe shekaru ana cutarsu. Daga nan ne ake fahimtar abin da ya sa ƙwararru ke ɗaga gira idan matashi ya ce ya ƙirƙiro tasa hanyar kulle bayanai da babu wanda ya san sirrinta. Tsarin AES da bankuna ke amfani da shi sai da aka yi gasa ta shekaru a bainar jama'a kafin a amince da shi a 2001, kuma masana sun kwashe fiye da shekara 20 suna neman hanyar karya shi a aikace ba su samu ba. Abin da mutum ɗaya ya haɗa a ɗakinsa cikin mako guda bai taɓa fuskantar irin wannan jarrabawa ba.

Buɗe ƙofa daban, samun mai dubawa daban

Sai dai kasancewar rubutu a fili ba ya nufin akwai mai karanta shi. Laburaren da ya fi kowanne yaɗuwa a duniya shi ne OpenSSL, wanda aka fara a 1998, kuma shi ne ke bayan alamar kwaɗon da ke bayyana a saman shafukan intanet masu yawan gaske. A ranar 7 ga Afrilun 2014 aka sanar da wani kuskure a cikinsa da aka laƙaba wa suna Heartbleed. Kuskuren ya ba kowa damar aika wa kwamfutar da ke ɗauke da shafi ƙaramar tambaya, ita kuma ta amsa da guntun abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, har kilobait 64 a kowace tambaya, wanda ka iya ƙunsar kalmomin sirri ko mabuɗin shafin kansa. Kimanin shafuka rabin miliyan abin ya shafa. Hukumar tara haraji ta Kanada ta ce an sace lambobin shaidar mutum 900 ta wannan kafa.

Kuskuren ya shekara biyu a fili babu wanda ya gani. Da aka bi diddigi, sai aka tarar gudummawar da OpenSSL ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya ne ke aikin cikakken lokaci a kansa, alhali manyan kamfanonin duniya na cin moriyarsa kyauta. Bayan abin ya faru ne suka zuba kuɗi, aka kuma samu rassa biyu da suka ɓalle: LibreSSL daga masu OpenBSD, da BoringSSL daga Google.

Shekara goma bayan haka aka ga wani salon. A ƙarshen Maris ɗin 2024, wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata kwamfuta yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda aka saba. Da ya tona, sai ya gano ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka wa mai kula da manhajar, wanda shi kaɗai ne kuma aiki ya yi masa yawa, har ya samu amincewarsa. Buɗaɗɗen tushe ne ya ba da damar kama shi kafin abin ya bazu. Ƙarancin masu kula ne ya ba shi damar shiga tun farko.

Don haka tambayar farko da ta dace da kowane laburare ta mutane ce kafin ta lissafi: su wa ke kula da shi, yaushe suka fitar da gyara na ƙarshe, kuma wani daga waje ya taɓa binciken rubutunsa ya wallafa sakamako? A nan ne matashin da ya koyi aiki daga tsofaffin bidiyo ke faɗawa rami. Laburaren mcrypt, wanda darussan PHP na da suka cika da shi, an cire shi daga harshen tun fitowar PHP 7.2 a 2017, saboda ya shafe shekaru babu mai kula da shi. PyCrypto na harshen Python bai sake fitar da sabon zubi ba tun 2013. Laburaren da ake kira cryptography ne ya gaje shi a wurin mafi yawan masu aiki. CryptoJS ma masu shi sun rubuta a shafinsa cewa sun daina raya shi. Duk ukun suna nan a intanet, ana iya sauke su yau, kuma za su yi aiki ba tare da wani gargaɗi a fuskar mai amfani ba. Wannan ne haɗarinsu.

Inda ɓarnar ta fi yawa

Labaran Heartbleed da xz suna da daɗin bayarwa, amma ba nan mafi yawan ɓarnar take ba. A 2014 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka duba rauni 269 da aka rubuta a hukumance kan kulle bayanai. Kashi 17 cikin 100 ne kawai suka samo asali daga cikin laburarorin. Kashi 83 daga yadda masu manhaja suka yi amfani da su ne. Wani bincike na 2013 ya duba manhajojin Android 11,748 masu kulle bayanai, ya samu kashi 88 cikin 100 sun tafka aƙalla kuskure ɗaya.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa buɗe takardun bayanin OpenSSL ko na Java. Suna miƙa wa mutum zaɓi bila adadin: wane lissafi, wane salo, wane tsawon mabuɗi, daga ina za a samo lambar da ba a maimaitawa. Kowane zaɓi akwai na kuskure a gefensa, kuma na kuskuren ma yana fitar da rubutu mai kama da kullalle. Salon da ake kira ECB shi ne misalin da aka fi sani: bayanai iri ɗaya suna fitowa da kama iri ɗaya bayan an kulle su, ta yadda mai kallo zai gane siffar abin da ke ciki. Da shi kamfanin Adobe ya kulle kalmomin sirrin masu hulɗa da shi, kuma da aka sace bayanan asusu kimanin miliyan 150 a 2013, sai ya zama duk masu kalmar sirri ɗaya an gane su a jere. A 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta samu Zoom yana amfani da salon. Idan kamfanoni masu ɗaruruwan injiniyoyi suka yi wannan tuntuɓe, babu adalci a sa ran ɗan aji uku da ke aiki da dare a kan cajin janareta zai tsallake.

Saboda haka ne aka samar da wasu laburarori da manufarsu ita ce rage wa mai aiki zaɓi. Fitacce a cikinsu shi ne libsodium, wanda Frank Denis ya fara a 2013 bisa aikin NaCl na Daniel Bernstein da Tanja Lange da Peter Schwabe. Ana ba shi saƙo da mabuɗi, ya mayar da kullallen abu wanda idan aka taɓa ko harafi ɗaya a hanya zai ƙi buɗewa. An yi masa bincike na waje a 2017, kuma tun daga PHP 7.2 yana cikin harshen. Google ma ya fitar da Tink a 2018 da irin wannan tunani, har da tsarin sauya mabuɗi lokaci-lokaci. Ga irin ayyukan da ake bayarwa a Tudun Wada, ɗaya daga cikin waɗannan biyun ya wadatar, kuma wanda ya zaɓi wani abu daban shi ya kamata ya kawo hujja. OpenSSL da 'yan uwansa a bar su a inda suka fi ƙwarewa, wato tsare hanyar da ke tsakanin wayar mutum da shafin, inda takardar shaida daga Let's Encrypt kyauta ce tun 2015, ta yadda shafin makarantar da har yau ba shi da alamar kwaɗo ba shi da uzurin kuɗi.

Akwai wata fa'ida da ta shafi aljihun talaka. Lissafin ChaCha20, wanda libsodium ke ɗauke da shi, ya fi AES sauri a kan wayoyi masu araha waɗanda ba a gina musu sashen AES a cikin na'ura ba. Google da kansa ya dogara da dangin wannan lissafi a tsarin Adiantum da ya fitar a 2019 don ƙananan wayoyi. Mai rubuta manhaja da ke gwaji a kan babbar waya yana iya mance cewa uwar da za ta duba sakamakon ɗanta tsohuwar itel ce a hannunta.

Kalmar sirri kuwa hukuncinta daban. Ba a kulle ta, niƙa ta ake yi, yadda gari ba ya komawa tsaba. Idan mutum ya zo shiga, a niƙa abin da ya rubuta a gwada da garin da aka ajiye. Injin niƙan da ya dace shi ne wanda aka yi shi da jinkiri da gangan, kamar bcrypt na 1999 ko Argon2 da ya ci gasar duniya a 2015. MD5 da SHA-1 suna da saurin da zai ba ɓarawo damar gwada biliyoyin kalmomi cikin ɗan lokaci, kamar yadda aka gani a 2012 sa'ad da aka baje kalmomin sirri miliyan 6.5 na LinkedIn. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi: duk shafin da mutum ya ce ya manta kalmarsa, aka aiko masa da tsohuwar yadda take, to a fili aka ajiye ta, ko kuma da mabuɗin da ke rataye kusa da ita.

Mabuɗin yana hannun wa?

Daga nan maganar ta bar ɗakin kwamfuta ta shiga siyasa. Ƙa'idojin sauraron sadarwa da Hukumar NCC ta fitar a 2019 sun tanadi cewa idan saƙon da hukumomin tsaro suka tare kullalle ne, kamfanin sadarwa ko wanda mabuɗin ke hannunsa zai miƙa shi idan aka nema. A ƙaramin kasafin kuɗi na 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA kusan naira biliyan 4.9 don na'urorin tare saƙonnin WhatsApp da na wayar Thuraya. Kafin nan, a Disambar 2020, Citizen Lab ta saka Najeriya cikin ƙasashe 25 da ake kyautata zaton suna amfani da kayan leƙen waya na kamfanin Circles.

Ga manhajar da za ta ɗauki saƙon mai fallasa almundahana, ko rahoton masu sa ido kan zaɓe, ko koken matar da aka ci zarafinta, tambayar inda mabuɗin yake ta fi tambayar ƙarfin lissafi nauyi. Idan yana kan kwamfutar mai manhajar, to wasiƙa ɗaya daga hukuma, ko ma'aikaci ɗaya mai kwaɗayi, ta isa. Tsarin Signal, wanda WhatsApp ya kammala ɗauka a Afrilun 2016, yana barin mabuɗin a wayoyin masu magana kaɗai. Da kotu a Amurka ta nemi bayanan wani mai amfani da Signal a 2016, abin da aka iya bayarwa shi ne ranar da ya buɗe asusu da lokacin da ya shiga na ƙarshe. Telegram, wanda matasa da yawa ke ɗauka a matsayin maɓoya, ba haka yake ba: hirar yau da kullum da ta rukuni mabuɗansu na hannun kamfanin, sai wanda ya buɗe hirar sirri da kansa. Mai son ɗaukar laburaren Signal kuma ya karanta lasisinsa, domin AGPL ne, wanda ke wajabta wa mai amfani da shi ya buɗe tushen tasa manhajar.

Wannan tsari yana da farashi. Wanda ya ɓatar da mabuɗinsa ya ɓatar da bayanansa, babu ofishin da zai je a dawo masa da su. Shi ya sa bai dace da shafin makaranta ko asibiti ba, inda dole hukumar wurin ta iya buɗe rajista. A can abin nema shi ne a raba mabuɗi da rumbun bayanan, kada a rubuta shi cikin manhajar da za a ɗora a GitHub, a kuma taƙaita masu iya taɓa shi. A kan waya, SQLCipher na kulle rumbun, ma'ajiyar Keystore ta Android na riƙe mabuɗin.

Kuma kulle saƙo ba ya ɓoye wanda ya kira wa, da yaushe, daga wace unguwa. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye irin waɗannan bayanai na shekara biyu. Kwamitin Kare 'Yan Jarida, CPJ, ya nuna a rahotonsa na Fabrairun 2020 yadda 'yan sanda suka bi bayanan kiran waya suka kai ga 'yan jarida, ciki har da Samuel Ogundipe, wanda aka kama a 2018 yana aiki da Premium Times. A Janairun 2019 kuma sojoji suka shiga ofisoshin Daily Trust suka kwashe kwamfutoci fiye da 20. A irin wannan rana abin da ke aiki shi ne kulle na'urar gaba ɗayanta, da kayan aiki irin VeraCrypt, wanda ya gaji TrueCrypt bayan masu shi sun yi watsi da shi a 2014.

Wa zai biya idan abu ya lalace

Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta ambaci kulle bayanai cikin matakan da ake sa ran mai riƙe da bayanan jama'a zai ɗauka, ta kuma ba shi awa 72 ya sanar da Hukumar NDPC idan aka samu kutsen da ka iya cutar da mutane. Tarar manyan masu riƙe da bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta ƙanana kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. A Agustan 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8 kan sarrafa bayanai ba tare da sahihin izini ba, hukuncin da bankin ya ƙalubalanta.

Nauyin farko a dokar yana kan mai makarantar ko mai asibitin, tun da shi ya tara bayanan, ko da bai taɓa jin sunan libsodium ba. Yana da haƙƙin ya sa a rubuta masa sunan laburaren da aka saka da lambar zubinsa, da inda mabuɗin yake, da wanda zai riƙa sabunta shi. Tambaya ta ƙarshe ce ta fi cin karo da yadda ake ciniki a nan: a biya sau ɗaya, a karɓi aiki, mai aikin ya tafi bautar ƙasa ko ya koma Legas. PHP 7.4 ya daina samun gyaran tsaro tun Nuwamban 2022, OpenSSL 1.1.1 kuma tun Satumban 2023. Duk shafin da aka gina a kansu aka bar shi haka yana nan yana karɓar sunayen yara da lambobin iyayensu a kowane zango.